Gyambon ciki ya huje: yaushe ake tiyata, yaushe ake iya jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Daga Aboabo a Kumasi nake rubuto maka. Ƙanena ɗan shekara 34 ne, yana tuƙa pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ya daɗe yana fama da olsa, ga ciwon baya da yake shan magani a kansa kusan kullum. Kwanakin baya ciwon ciki ya turnuƙe shi bayan la'asar, muka sayo magani a kemis, ya ɗan lafa cikin dare. Washegari cikin ya kumbura, sai bayan magariba muka kai shi asibiti. Aka ce gyambon ya huje, a daren aka yi masa aiki, ni na sa hannu. Yana samun sauƙi, amma kawunmu ya ce na yi garaje, wai wani maƙwabcinsa ya yi irin wannan ciwon, roba kawai aka zura masa ta hanci aka ƙara masa ruwa ya tashi. Da gaske ana warkewa ba tare da an yanka mutum ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Kawu bai faɗi ƙarya ba, akwai waɗanda gyambonsu ke hujewa su tashi ba tare da an shiga da su ɗakin tiyata ba. Sai dai ba son ran dangi ke zaɓar musu wannan hanya ba, ba kuma tausayin likita ba. Halin da cikin yake ciki a lokacin shi ke yanke hukunci. Bisa abin da kika bayyana, ƙanenki ba ya cikin waɗannan mutane. Da ni ne a bakin aiki a daren, takardar da aka miƙo miki ita zan miƙo miki, in kuma roƙe ki kada ki tsaya jiran kowa.

Tumbi yana fitar da ruwan asid mai ƙarfi don narkar da abinci, kuma abin da ke kare bangonsa daga wannan ruwa wani yauƙi ne da ya shafe shi ta ciki. In kariyar ta yi rauni, asid ya fara cin bangon, shi ne gyambon da muke kira olsa. Ga mafi yawan mutane iyakarsa raɗaɗi a ƙahon zuci, yau ya zo gobe ya tafi. Amma wani lokaci gyambon kan yi ta zurfi har ya fasa bangon gaba ɗaya, galibi a bakin fitar tumbi ko a farkon ƙaramin hanji, ta ɓangaren gaba. Ramin ba wani babba ba ne, sau da yawa bai kai santimita ɗaya ba. Ta nan asid da ruwan matsarmama da iska da guntayen abin da mutum ya ci suke tsiyaya cikin kogon ciki, inda abinci ba shi da hurumin zuwa.

Awannin farko ƙuna ce zalla. Mai wannan ciwo zai gaya maka daidai lokacin da abin ya same shi: ina cikin alwala, ina ba fasinja canji, na ɗaga kofi ke nan. In ka shiga ɗakin za ka tarar da shi kwance rigingine, ko ya ɗan naɗe gwiwa, yana zufa, yana numfashi sama-sama, ba ya son motsi ko kaɗan. Wanda tsakuwar ƙoda ko murɗar ciki ke damu birgima yake yi. Wannan kuwa ko gadon ka ɗan bangaza sai ya runtse ido ya riƙe numfashi. Ka ɗora hannu a cikin ka ji shi kamar katako. Wasu har a kafaɗa suke jin zafin, saboda iskar da ta taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Sai matakin da ya fi cin mutane, wanda ke da kanki kika ambata da kika ce ya ɗan lafa cikin dare. Bayan wasu awanni jiki kan kwararo ruwa mai yawa cikin kogon, ruwan ya sirka asid ɗin, zafin ya sassauta. In an haɗa da allura ko ƙwayar kashe zafi daga kemis, mutum har barci ya yi. Mutanen gida su ce alhamdu lillahi, magani ya karɓe shi. Alhali ramin yana nan buɗe, kuma ruwan da ya rage zafin daga jijiyoyin jini ya fito, wato jiki bushewa yake ta yi ba a sani ba. Kafin a kwana a yini ƙwayoyin cuta sun hayayyafa a cikin ruwan, ya fara zama mugunya, hanji ya daina motsi, ciki ya kumbura, zuciya na bugawa da sauri, fitsari ya ragu, guba ta fara bin jini. Ƙanenki ya kamu bayan la'asar, ya isa asibiti bayan magaribar washegari. Ya haura awa 24, ga ciki a kumbure. Wanda ya kai nan ba ramin kaɗai ne matsalarsa ba, akwai dattin da ya cika kogon, kuma babu allurar da za ta kwashe shi. Sai an buɗe an wanke.

Game da maƙwabcin kawu, abin da zan fara tambaya shi ne ko nasa gyambon ya huje ɗin da gaske. Robar hanci da ƙarin ruwa ana yi wa masu ciwo iri-iri: toshewar hanji, amai mai tsanani, olsa mai zubar da jini, kumburin wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. A zango kuma duk ciwon da ya tsaya a saman cibiya sunansa olsa. Amma mu ɗauka nasa ya huje ɗin. Akwai yadda za a yi ya tashi ba wuƙa, kuma ga yadda abin yake.

Akwai wani mayafin kitse da ya rataya daga tumbi ya lulluɓe hanji, kowane mahauci a mayankar Kaase ya san shi. Allah ya yi masa wata baiwa: duk inda kumburi ya tashi a ciki sai ya matsa can ya manne. In ramin ƙarami ne, kuma tumbin babu abinci da yawa lokacin da ya huje, wannan kitse ko ƙasan hanta kan rufe bakin ramin tun da wuri, tsiyayar ta tsaya. Likitocin tiyata sun daɗe suna buɗe ciki su tarar ramin ya riga ya toshe da kansa. Daga nan ne wani likitan Ingila mai suna Hermon Taylor ya wallafa hanyarsa a 1946: a zura roba ta hanci zuwa tumbi a riƙa zuƙe duk abin da ke ciki, a hana ci da sha, a ƙara ruwa, a ba jiki dama ya ƙarasa rufe ramin. Har yau da sunansa ake kiran hanyar, an dai ƙara mata magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage asid waɗanda suka fi na zamaninsa.

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi an yi shi a Hong Kong, aka wallafa a 1989. Marasa lafiya 83 aka raba gida biyu, 43 aka yi musu aiki nan take, 40 aka fara musu da hanyar roba. Mutum biyu suka rasu a kowane ɓangare. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai duk ɗaya ne, me ya sa ake yanka mutane? Amma a ƙarasa karatun. Cikin mutum 40 ɗin nan, 11 ba su nuna alamar sauƙi ba bayan awa 12, dole aka shiga da su tiyata. Uku daga cikin waɗannan 11 ma ba gyambo ba ne, ciwon daji ne ya huje. Waɗanda suka haura shekara 70 akasarinsu hanyar ba ta yi musu aiki ba. Zaman asibitin masu roba kuma ya fi na waɗanda aka yi wa aiki tsawo da wajen kashi 35 cikin 100. Wato abin da ya sa ba su mutu fiye da sauran ba shi ne akwai ido a kansu dare da rana, ga ɗakin tiyata a shirye, duk wanda ya fara zamewa aka cafke shi kafin ya yi nisa.

Wannan shi ne abin da mutane ba sa gani in suka ce roba kawai aka sa masa. Jinyar da babu aiki ta fi jinyar aiki wahalar tsaro. Mara lafiya ba ya cin komai, ko kurɓin ruwa ba ya sha. Robar hanci tana zuƙa, ana duba ta kada ta toshe, domin in ta toshe tumbi ya cika, abin da ya manne a bakin ramin sai ya ɓalle. Ga robar fitsari, ana auna abin da ya fita awa-awa. Ana rubuta bugun zuciya da awon jini da zafin jiki a kai a kai. Likita ɗaya, wanda hannunsa ya san yadda cikin yake da farko, shi zai riƙa dawowa bayan 'yan awanni yana sake taɓawa, ya ji ko taurin na raguwa ko yana yaɗuwa. Kafin ma a fara, ana so a ba mara lafiya wani ruwa da ke fitowa a hoto, a ɗauki hoto ko sikanin a tabbatar ba ya tsiyaya ta ramin. In ya tsiyaya, magana ta ƙare, sai tiyata. (A nan sai in roƙi iyayenmu mata: filas ɗin koko da ake shigo da shi a ƙarƙashin mayafi saboda tausayi yana iya rushe duk wannan aiki. Haka ruwan tofi ko Zamzam. A shafa masa a goshi da ƙirji, a yi masa addu'a, amma kada a ba shi ya sha sai likita ya yarda.)

Don haka wanda ake iya gwada masa jira shi ne wanda ya zo da wuri, bai tsufa tukuf ba, jininsa bai faɗi ba, taurin cikin ya tsaya wuri guda bai game ko'ina ba, hoto kuma ya nuna ramin ya rufe. Ƙungiyar likitocin tiyatar gaggawa ta duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce kada a mai da wannan hanya ta yau da kullum, sai ga 'yan ƙalilan da aka tace aka kuma tabbatar da hoto cewa ramin ya toshe.

A ganina mu nan Gana muna da dalilin da ya fi nasu na karkata ga aiki. Taifot tana huda hanji a ƙasar nan, musamman ga yara da matasa, ta can ƙarshen ƙaramin hanji. A hoton ƙirji iskar da ta fito daga ramin taifot da wadda ta fito daga ramin olsa kamanninsu ɗaya, baƙar hanya ce siririya a ƙarƙashin huhu. In ka ɗauka olsa ce ka zauna jira, alhali kashi ne ke zuba a kogon ciki, ka yi asarar awannin da ba sa dawowa. Sannan ba kowane asibiti ke da sikanin da ƙarfe biyun dare ba, inda akwai ma ba kowane iyali ke iya biya nan take ba. Nas ɗaya da ke riƙe da gadaje da yawa cikin dare ba za ta iya tsayawa kan mutum ɗaya kamar yadda hanyar Taylor ke buƙata ba. Na fi yarda in buɗe ciki in tarar ramin ya fara rufewa da in bar shi in tarar da mugunya bayan kwana biyu.

Akwai kuma wasu da ba a yi wa aiki, ba don sun fi ƙarfi ba. Tsoho mai ciwon zuciya da na ƙoda, wanda ya iso jini ya faɗi ƙwarai, masu ba da maganin barci suka ce jikinsa ba zai ɗauka ba, shi ma roba da ƙarin ruwa ake yi masa, wani lokaci a kashe fatar ciki a zura wata robar don ta fitar da ruwan. Wasu kan tashi, da yawa ba sa tashi. Labarin wanda ya tashi ne ke yawo a unguwa.

Abin da ya fi damuna a tambayarki, Hajiya, ba sa hannun ba ne, yinin da aka yi a gida ne. Ba don in ɗora miki laifi na faɗa ba, kusan kowa haka yake yi, kuma lafawar nan ta tsakiya tana yaudarar har ma'aikatan lafiya. Wani likita mai suna John Boey, shi ma a Hong Kong, ya nuna a 1987 cewa abu uku ne suka fi nuna wanda ke cikin haɗari: wata babbar cuta da mutum ke ɗauke da ita tun da, faɗuwar jini kafin aiki, da ramin da ya wuce awa 24. A marasa lafiyarsa, waɗanda ba su da ko ɗaya babu wanda ya rasu. Masu ɗaya, kashi 10 cikin 100 suka rasu, masu biyu kusan rabi, masu duka ukun kuwa babu wanda ya tsira. Cikin ukun nan, na ƙarshen a hannunmu yake, kuma shi ke jawo na biyun. A Denmak, binciken da aka wallafa a 2013 kan mutane sama da 2,600 ya gano cewa ko bayan an isa asibiti, kowace awa da ta wuce kafin aiki tana rage damar tsira da kashi 2.4 cikin 100. Nan gida ma likitocin tiyata na asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, sun wallafa rahoto a 2006 kan marasa lafiya sama da 300 da aka yi wa wannan aiki, inda wajen ɗaya cikin biyar suka rasu. Aikin iri ɗaya ne da na ko'ina. Mutanenmu ne ke isowa a makare.

Kuma kin san inda awannin suke tafiya. A fara da kemis, sai jiƙo, sai a ce a bari gari ya waye, sai a kira wani ɗan'uwa da ke Nima ko Tamale a ji ra'ayinsa, sai a jira kuɗin MoMo su shigo ta waya, sai a ce mace ba za ta sa hannu ba sai Alhaji ya dawo daga kasuwar Kejetia. Shawara da dangi abu ne mai kyau a wajen aure da rabon gado. A wannan ciwon, wanda ke tsaye a bakin gadon shi ne dangi. Lambar motar asibiti 112 ce, in ta yi jinkiri a ɗauki tasi. Katin inshorar lafiya ya haɗa da tiyatar gaggawa, kuma ana sabunta shi ta waya da *929#, gara a yi hakan tun ana lafiya. A aikace iyali kan sayi wasu abubuwa da kuɗinsu, amma a kai mara lafiya tukun, a nemi kuɗin yana kan gado ana ƙara masa ruwa.

Wani abu da ke rikita masu jinya: an ce gaggawa ce, amma ga shi an ajiye shi awa biyu ko uku ana ta ƙarin ruwa. Wannan ba sakaci ba ne. Jikin da ya bushe in aka ba shi maganin barci jini na iya faɗuwa gaba ɗaya, ƙoda ta tsaya. Sai an cika jijiyoyi, an fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, an ga fitsari ya fara fitowa, sannan a shiga. Ana yin wannan ne da ido a kan agogo.

Shi aikin kansa, ga wanda ya saba, ba mai sarƙaƙiya ba ne. Ana tsaga tsakiyar ciki daga ƙahon zuci zuwa wajen cibiya. Da an shiga kogon za ka ji iska ta fita, sai ruwa kore-kore mai kauri ya biyo baya, wani lokaci lita biyu ko uku, da ɓarɓashin abincin jiya a ciki. A zuƙe, a ɗaga hanta, ga ramin nan, ɗan zagaye mai kaifin baki, yana tofar da kumfa. A ratsa zare uku ko huɗu daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an ɗaure ba, a jawo harshen mayafin kitsen nan a shimfiɗa a kan ramin, sannan a ɗaure zaren a kansa a hankali, kada a matse har jini ya daina isa gare shi. Wannan faci da sunan Roscoe Graham na Toronto ake kiransa, wanda ya bayyana shi a 1937, ko da yake Cellan-Jones na Birtaniya ya riga shi da irinsa a 1929. Daga nan sai wanki, wanda shi ne rabin aikin: ruwan gishiri mai ɗumi lita-lita, a bi ƙarƙashin hanta, a bi gefe da gefe, a bi ƙasan mara, har ruwan ya dawo garau. In ramin a jikin tumbi yake, ana yanko ɗan naman bakinsa a kai awo, saboda ciwon daji na tumbi kan zo da kamannin gyambo. Ramin da ya haura santimita biyu faci ba ya riƙe shi sosai, wani lokaci sai an yanke wani sashe na tumbin. Tun wajen 1990 ana yin facin ta ƙananan huji da kyamara, ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, amma ya fi dacewa da wanda ya zo da wuri jininsa a tsaye, a asibitin da ke da kayan da mai hannun.

Ba zan ce aiki ba shi da nasa haɗarin ba. Wurin yankan kan yi ruwa, facin kan ɓalle, mugunya kan sake taruwa, ciwon huhu kan kama wanda ya ƙi tashi ya taka saboda tsoron ɗinki, wasu kuma bayan watanni su ga wurin ya bullo. Mafi yawan waɗannan sun fi samun wanda ya daɗe kafin ya zo. Yanzu da yake hannunki, in kika ga zazzaɓi ya dawo, ko ciki ya sake kumbura, ko amai, ko ruwa kore na fita ta wurin ɗinki, ko bayan gida baƙi ƙirin, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ya riƙa takawa a tsakar gida, ya riƙa jan dogon numfashi. Pragya da ɗaukar kaya masu nauyi su jira kamar mako shida, ko yadda likitansa ya ce.

Sai babban abin da ake mantawa da shi da zarar an cire zare: aikin ya rufe rami ne, bai warkar da olsa ba. Abin da ya ci bangon in yana nan zai sake ci. Abu biyu ne suka fi yin wannan ɓarna. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda ke zaune a tumbin mutane da yawa a ƙasashenmu tun suna yara. Likitoci biyu na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙarta da gyambo a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kwankwaɗi ƙwayoyin da kansa ya kamu da kumburin tumbi, daga baya aka ba su kyautar Nobel a 2005. Maganinta haɗi ne na ƙwayoyi, galibi omeprazole mai rage asid, da masu kashe ƙwayar, wato amoxicillin da clarithromycin ko metronidazole, har kwana 14. Yana da ɗaci a baki, yana sa tashin zuciya, shi ya sa mutane ke ajiye shi a kwana na biyar. Kada ki bari ya ajiye. Wani gwaji na shekarar 2000 ya bi waɗanda aka yi wa faci har shekara guda: cikin waɗanda aka kashe musu ƙwayar, kusan 5 cikin 100 ne gyambon ya dawo musu, waɗanda aka ba maganin rage asid kawai kuwa 38 cikin 100. Bayan haɗin zai ci gaba da omeprazole na wasu makonni. Sannan a yi awon bayan gida a tabbatar ƙwayar ta mutu, aƙalla mako huɗu bayan gama maganin, kuma bayan ya dakatar da omeprazole na mako biyu, in ba haka ba awon zai iya nuna babu alhali akwai. In a tumbi ramin yake, a tambayi sakamakon naman da aka kai awo, a kuma koma bayan mako shida zuwa takwas a zura kyamara ta baki a ga ya warke.

Na biyun kuma ina zargin shi ne ya kai ƙanenki ƙasa: maganin ciwon bayan nan. Diclofenac, ibuprofen, piroxicam, aspirin, duk dangi ɗaya ne, suna kashe zafi amma suna hana tumbi yin yauƙin da ke kare shi. Direbobi, makanikan Suame Magazine, masu dako a kasuwa, da iyayenmu masu ciwon gwiwa su ne abokan cinikinsu. A sha biyu da safe ciki babu komai, a ƙara da daddare, wani lokaci iri biyu a haɗe ba a san abu ɗaya ba ne, balle haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna. Ko allura ce ko ta matsi, ɓarnar ɗaya ce, ta jini take isa tumbi. Ki bi aljihunsa da akwatin pragyar ki kwashe su duka. In baya ya matsa masa ya sha farasitamol, ya kuma nuna bayan ga likita. Wanda aka rubuta wa aspirin saboda zuciya kuwa kada ya daina da kansa, ya koma wurin wanda ya rubuta a haɗa masa da abin kare tumbi. Sigari yana hana gyambo warkewa, yana kuma ƙara haɗarin hujewa. Jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kwalba babu bayanin abin da ke ciki, musamman masu giya a ciki, ya bar su.

Barkono da shito, yajin nan da ake soyawa da mai, ba su ke haifar da olsa ba, suna dai tsokanar wadda take nan, don haka ya sassauta har ya warke, ba sai an yanke masa wake da shinkafa har abada ba. Madara kan kwantar da zafi na ɗan lokaci, ba magani ba ce.

Za ku zo kan maganar azumi, gara in faɗa tun yanzu. Likitoci a ƙasashen Musulmi da dama sun lura cewa hujewar gyambo na ƙaruwa a watan Ramadan, musamman ga masu gyambon da ba a yi wa magani ba, da masu haɗiye maganin ciwon jiki da sahur. In Ramadan ya zo bai daɗe da aiki ba, ko bai gama maganin ƙwayar cutar ba, shawarata ya ajiye, mara lafiya yana da rangwamen ramawa daga baya, malaminku zai ƙara muku bayani. Litinin da Alhamis ma su dakata. In an tabbatar gyambon ya warke, ƙwayar ta mutu, ya kuma rabu da magungunan nan, akasari mutum kan koma azuminsa lafiya lau. Ya je ya ga likitansa kamar wata guda kafin watan, domin wasu mukan rubuta musu omeprazole su riƙa sha kafin sahur har a sha ruwan ƙarshe.